Darasin Hani

Daga Funtuwa na zo Tawa da akwati ɗaya
da Ingilishi a baki, shi ne jarina.
A nan allo tablo ne, littafin rubutu kaye,
ni kuma Madam, ko ban saba ba.

Da safe ƙanana nake koyarwa.
Su kam ruwa ne, wa ke hana ruwa taɓa gaɓa?
Wannan ta ja gyalena, wancan ya rungume gwiwata,
wata ta ƙirga awarwarona da yatsa mai maiƙon ƙosai.
Sai in durƙusa in ce, hannu a kan kaye!
Su yi dariya, su manta, gobe mu sake.
Wannan bai taɓa hana ni barci ba.

Ajin bayan magariba ne ƙayar.
Manya goma sha tara, kowa da abin da ya kawo shi:
mai neman aiki a ƙungiyar agaji,
mai kai albasa Gana,
sai Illa, kujera ta biyu daga taga,
mai turare kamar an yi ɓari a shago.

Ranar farko alli ya karɓa, ya haɗa da yatsuna.
Na ce kuskure ne.
Ta biyu na sunkuya duba masa jimla,
tafinsa ya sauka a bayan hannuna ya zauna
kamar wanda ya biya kuɗin haya.
Ta uku aka ɗauke wuta.
Kafin a kunna fitilun salula
wani abu mai ɗumi ya bi kafaɗata.
Da haske ya zo, kowa tablo yake kallo.

A ɗakina na Bilbis na wanke wurin sau uku.
Sabulu ya side, wurin bai huce ba.

Na sami Mushe Alkasum.
Ya daɗe yana juya cokali a shayi, sannan ya ce,
Madam, ke baƙuwa ce,
shi kuma wata uku yake biya a dunƙule.
Ki yi haƙuri, ki riƙa tsayawa nesa.
Ajin taku bakwai ne. Ina nesa take?

An ce baƙo raɓa ne.
To ni ba raɓa ba ce, ina da fata.

Ran Talata na goge tablo har ya yi baƙi ƙirin.
Na ce, yau darasin hani za mu yi.
Kada ka buɗe taga. Suka maimaita.
Kada ka zauna nan. Suka maimaita.
Sai na rubuta kalmomi huɗu manya-manya,
allin ya karye a ta uku, na ƙarasa da guntun.
Na juya su da Hausa,
don kada wani ya fake a bayan Turanci:
kada ka taɓa ni.

Aji ya ɗauka har kwanon rufi ya amsa.
Na ce, Illa, kai kaɗai. Tashi.
Ya miƙe. Harshe ya zame masa dutsen niƙa.
Na ce, ban ji ba, sake.
Ya sake, idonsa a kan takalminsa.
Gwiwoyina suna karo da juna cikin zane,
amma zane ya rufa mini asiri.

Tun ranar, a kan tebur nake ajiye alli,
mai so ya ɗauka.
Illa ya ƙara mako biyu, kujerarsa ta yi ƙura.
Mushe Alkasum ya yi wata guda yana gaishe ni da ka.

Wani dare, ina jiran ɗan kabu-kabu,
Tsahara, mai aiki a kantin magani,
wadda ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba,
ta miƙo mini kaye da jan bik.
Madam, rubuta mini kalmomin nan huɗu.
Na ce, ai kin iya su da Hausa.
Ta ce, da Hausa na sha faɗa, ba a ji.

Na rubuta mata a kan cinyata, da hasken mai shayi.
Ta yage shafin, ta ninke shi huɗu,
ta ƙulle a bakin zane, inda take ajiye kuɗi.