Littafin Awo

Ni tela ne a Kasuwar Barci,
rumfa ta uku bayan masu sayar da maɓalli.
Ban san doka ba, ban san hannun jari ba,
amma na san Tanimu Lere inci-inci.

Shafin farko, tawada ta koɗe:
ƙugu ashirin da takwas, wuya kamar na zalɓe.
Ya shigo da baƙar rigar lauyoyi ta gwanjo,
asu ya cinye mata baya.
Ya ce, "Sallau, gobe zan tsaya gaban alƙali,
rufa mini asiri."
Na yanko ƙyallen tsohuwar lema na toshe.
Shari'ar wata tsohuwa ce daga Kabala,
an so a haɗiye mata fili a bakin kogi.
Ya ci. Ladansa zabi biyu.
Ɗaya ta kwana a tukunyata.

Shafi na tara: ƙugu talatin da huɗu,
ya ce in zurfafa aljihu.
A shekarar ya kwashe abin da bakinsa ya tara
ya zuba a wata masaƙa a Kakuri.
Wata Litinin injuna suka yi tsit,
kafin damina biyu ciyawa na leƙe ta tagar manaja.
Ya kawo wanduna uku in rage,
bai ce uffan ba,
ni ma na cika bakina da allurai.
Sai a bakin mai shayi na ji
ya sayar da gidansa na Malali ya biya ma'aikata.

Kada in mai da shi waliyyi.
Shekara uku ya riƙe mini kuɗin kaftani,
kuma shi ya tsaya wa attajirin
da ya rushe rumfunan layinmu na baya.
Wata bakwai ban amsa sallamarsa da haƙora ba.

Sai injin casar shinkafa a hanyar Kachia,
sai motoci, sai ƙugu arba'in da biyu,
tef ɗina yana nishi kafin ya zagayo.

Ranar da rediyo ta ce an ba shi jakada
da kansa ya zo, shadda a hammata.
"Ƙasar sanyi ce, Sallau.
Sa mini shafin ulu a ciki, inda ido ba ya kai,
kada in yi rawar ɗari gaban shugabansu
a ce ƙasata ce ke kyarma."
Kwana tara ina kan wuyan rigar nan.

Da ya zo hutu na ce, wai me jakada ke yi?
Ya ce murmushi, da cin abinci marar yaji,
da tashi tsakar dare
a fito da yaranmu da aka kama ba takarda,
wani lokaci a sa hannu
a ɗora akwatin gawa a jirgi.
"Ɗinki ne irin naka:
ƙyalle biyu da ba sa ga-maciji,
ka haɗa, ka ɓoye zaren."

Jiya ya dawo, da sanda.
Na zagaya tef: ashirin da tara.
Na rubuta talatin da biyu, don kunya.
Bayansa autarsa Rakiya, riƙe da leda,
ciki baƙar rigar nan, tana warin kafur.
Za a rantsar da ita lauya, a rage mata tsawo.
Ta ga facin ta ɓata fuska,
ta ce a cire.
Ya ce, "Bar shi. Ruwa da yawa ya tare mini."

Na lashi yatsa, na buɗe sabon shafi,
na ce ta ɗaga hannu.