Burodin Mma Fulera

Likita a asibitin Manhiya ya rubuta da jan biro:
ban da suga, ban da farin burodi.
Mma Fulera ta ninke takardar gida huɗu,
ta ƙulle a bakin zane, inda goro ke zama,
ta ce, "To da me zan karya? Da iska?"

Shekara talatin tana sayar da koko a Aboabo,
ludayi biyu, suga cokali uku.
Rabin unguwa da zaƙinta suka girma,
yau zaƙin ya juyo ya kama mai shi.

Ni bakanike ne a Suwame.
Hannuna ya san sifana, bai san kwaɓi ba.
Baƙin mai ya yi gida ƙarƙashin faratana,
sai da na dirje da toka da lemun tsami
kafin na yarda na taɓa kwano.

Tuffa biyu na sayo a Kejetiya.
Mai tallar ta ce sun sha teku kafin su iso,
shi ya sa kuɗinsu ya ci kuɗin motata.
Ɗaya na da tabo a gefe, na sa ta rage sidi ɗaya.
Ots a gwangwani, ƙwai biyu,
ayaba da ta nuna har ƙuda ya fara gaishe ta,
kirfa, gishiri, man gyaɗa kaɗan,
da garin tashi da maƙwabciyarmu Afiriyiwa
ta tsakuro min tana dariya.

Na goge tuffa har da ɓawonta,
ruwan ya gangaro min gwiwar hannu.
Na juya a hankali
kamar mai ɗaure noti yana tsoron zare ya ci.

Ba mu da obin.
Na zuba yashi a tsohuwar tukunyar kokonta,
na ɗora bisa kurfoti,
kwaɓi a tsakiya, garwashi a kan murfi.
Wuta sama, wuta ƙasa,
ni a tsakar gida da mafici,
ladan bai ko gyara murya ba.

Na farko ya ƙone, har kaji suka ƙi shi.
Na biyu cikinsa caɓal, kamar hanyar Asawasi bayan ruwa.
Ban gaya wa kowa ba.
Laraba ta uku na soka tsinke,
tsinke ya fito a bushe.

Ƙamshi ya riga ni shiga ɗakinta.
Tana bakin gado, carbi a hannu.
Ta karɓa ba ta dube ni ba,
ta gutsura, ta tauna da haƙoran gefe,
ta daɗe tana taunawa.
"Ba zaƙi," in ji ta.
Na yi shiru.
"Ka cika gishiri. Wa ya koya maka?"
Na ce babu.
"Ai ga alama."
Sai ta miƙo hannu ta ɗauki yanki na biyu.

Yanzu ita ke tashe ni.
Ta jawo kujera 'yar tsugunno kusa da kurfoti,
tana ba da umarni kamar mai gareji:
ƙara citta, rage wutar sama,
kai, kar ka buɗe, iska za ta shiga!
Ranar da awo ya sauka, ta ce addu'arta ce.
Ranar da ya hau, laifin ayabata ne.

A wurin aiki yara na shinshina rigata,
wai oga yana ƙamshin kicin.
Na bar su.

Jiya na gan ta za ta gidan suna,
tana gyara ƙullin bakin zane.
Takardar likita na nan, ta yi laushi,
goro ya matsa gefe,
ga yankin burodi a leda a tsakaninsu.
Na ce, "Mma, na wa?"
Ta ce, "Na Hajiya Memuna. Ita ma nata ya hau.
Zan ce mata ni na gasa."