Ranar Kwashe Ofis

Shekara talatin da huɗu sun shige kwali tara.
Ni ce Gusnimar, yau nake miƙa makulli.
Ruwan Padang na dukan taga tun hantsi,
fanka na ta juyi kamar ba ta ji labari ba.

Na zo nan da jakar aro,
ƙaramar malama, albashi ba ya ganin ashirin ga wata.
Farfesa Bakhtaruddin ya dire mini tarin shari'u,
ya ce, "Duba wa ya kai ƙarar wa.
Za ki tarar nono ɗaya suka sha."

Haka kuwa na tarar.
Wata gonar shinkafa a gindin dutsen Marapi
ta raba kawu da ɗan ƙanwarsa shekara goma sha ɗaya.
Kafin alƙali ya buga guduma
kawun ya kwanta dama, gonar ta koma ciyawa.

A ƙasarmu gida na mace ne,
daga kaka zuwa uwa, daga uwa zuwa 'ya.
Abin da namiji ya nema da guminsa
rabon Musulunci ke bi ta kansa,
ga dokar gwamnati tsaye bakin ƙofa da hatiminta.
Igiya uku a wuyan akuya ɗaya.
Aikina ke nan: kada su shaƙe ta.

Na je Leiden neman digiri na uku,
sanyi ya fasa mini leɓe, na koyi hawan keke da girmana.
Can cikin takardun 'yan mulkin mallaka
na ci karo da sunan kakar kakata,
an rubuta shi a karkace,
an kuma ce gonarta ta mijinta ce.
Na yi kuka a ɗakin karatu, mai gadi ya kawo mini shayi.
Babi biyu na rubuta don gyara layin nan guda.

Ranar da ƙasa ta girgiza, kantoci suka kife,
ni da ɗalibai shida muka shanya hukunce-hukunce a rana
kamar masu shanya barkono,
muna danne saki da wasiyya da duwatsu
don kada iska ta sake raba abin da kotu ta raba.

Sai ga wani dare Masrizal ya bugo waya,
ƙanena, wanda na goya.
Ƙodar matarsa ta gaza, asibiti ba ya jin "gobe".
Yana so a jinginar da gonar Inna.
Bakina ya riga zuciyata:
na ce al'ada ta yarda da jingina a hali huɗu kacal,
babi na biyar, shafi na ɗari da tara.
Shiru ya yi tsawo har na ji kukan kwaɗi a wajensa.
Ya ce, "Uni, ba farfesa na kira ba.
Yayata na kira."

Da asuba na hau motar Batusangkar.
Na sa hannu, alƙalamin ma nasa ne.
Har bara ina koyar da babi na biyar,
sai dai in na iso shafin, nakan tsaya in sha ruwa.

'Yata tana Perth, tana gyara haƙoran mutane.
Gidan kaka mai rufi kamar ƙahon ɓauna
nata ne, doka uku duk sun yarda,
amma jemagu ke kwana a ciki.
Wannan kam babu shi a littafina.

Yanzu Elvawati ta leƙo, ita za ta gaji ofis,
tana tambaya me zan bari.
Kujerar nan mai ɗingishi, a sa mata takarda a ƙafa.
Butar shayi. Tagar da ba ta rufuwa.
In ɗalibi ya shigo da tambayar "wani abokina",
ki ja masa kujera, ki rufe littafi:
gidansu ne ke ci da wuta.

Ga makulli. Sai an ɗan ɗaga ƙofar yake juyawa.