Kwana Goma Sha Tara

Kwana goma sha tara da haihuwata
waya ta yi ƙara ina bakin murhun wanka,
darbejiya na tafasa a tukunya,
Inna Saude na gyara itace.
"Malama Shafa'atu, Litinin za a fara bita.
In ba ki zo ba, masu takarda sun cika ƙofa."
Na ce to. Me zan ce?
Ɗinkin da ke jikina bai ce to ba.

Shekara shida ina riƙe da aji uku
a makarantar kuɗi, bayan Ƙofar Marusa.
Ni ce mai jan biro, ni ce mai share majina,
ni kan gane wanda bai karya ba
tun kafin ya kifa kai a tebur.
Ranar yaye ɗalibai Alhaji Sada ya ɗau lasifika,
ya ce, "Malamanmu iyaye ne."
Aka tafa. Har da ni, da cikina wata bakwai.

Litinin na shiga kurkura.
Babu ramin da bai gaisa da marata ba
daga Sabuwar Unguwa har bakin get.
Na baro Nafi'u da abin da na tatsa a kofi.

Sha ɗaya ta yi, ina rubuta bakwai sau takwas,
nono ya kawo.
Ya jiƙa riga, ya ɓullo ta hijabi.
Wata 'yar layin gaba ta ɗaga hannu:
"Malama, ruwa ya zube miki."
Na ce, hamsin da shida. Ku rubuta.

Lantana mai shara ta same ni a banɗaki
ina tatsar abincin ɗana cikin rariya.
Ba ta ce sannu ba. Ta riƙe mini ƙofa,
don sakatar ta daɗe da karyewa.
Can ta ce, "Ni a kwana tara na dawo,
na tarar da tsintsiyata a hannun wata."

Da dare na zaro takardar ɗaukata aiki.
Shafi guda. Ta san ƙarfe nawa zan iso,
ta san nawa za a yanke in na makara,
ta san launin safar da zan sa.
Ba ta san mace na haihuwa ba.

Wata tsohuwar 'yar ƙungiya a Rafin Daɗi
ta sa tabarau, ta buɗe mini littafin dokar ƙwadago:
makonni ne a ƙirge, ba alfarma ba,
da rabon albashi, da lokacin shayarwa,
kuma kujerarki ta jira ki.
Na sa yatsa a kan layin
kamar mai taɓa goshin yaro da zazzaɓi.

Alhaji ya ce, "Ai nan ba gwamnati ba ce.
Kowa ya ci ladan kuturu..."
Na ce, aski kam na yi, ranka ya daɗe,
shekara shida, har aska ta dakushe.
Sai wayarsa ta yi ƙara. Daga gida ne.
'Yarsa ce ta zo wankan jego.
"Kar ta ɗaga ko buta," in ji shi,
"sai ta yi arba'in. A ƙaro kanwa, a sayo ƙauri."
Ya ajiye waya, ya ce, "Ina muka tsaya?"

Mun rubuta wasiƙa. Mu biyar muka sa hannu,
Lantana ta dangwala babban yatsa.
Malama Baraka ta riƙe biro ta daɗe,
ita da ta koma sa babban hijabi tun watan jiya,
sannan ta rubuta sunanta ƙanana, can ƙasa.

Wasiƙar na kan teburinsa har yau,
kofin shayi ya yi mata zobe.
Nafi'u ya kwana talatin da huɗu.
Jiya ya yi murmushin farko,
in ji Inna Saude.