Gwangwanin Baba Mairiga

Kwana bakwai da rasuwar Baba Mairiga
muka ɗaga katifarsa a Aboabo,
sai ga gwangwanin madara ya ci tsatsa,
an ɗaure bakinsa da tsumman rawani.
Yayyena suka matso, a zatonsu gado ne.
Na zazzage a tabarma, kowa ya ja baya.
Kuɗi ne, amma duk sun riga mai su mutuwa.

Ga wuri guda tara, haƙoransu sun dushe.
Na kakansa ne, wanda ya bi jakuna
ta Salaga, da goro a ka,
tun iyaka tana kogi ko dutse,
kafin wani ya ja ta da alƙalami
a ɗakin da babu ɗan ƙasa ko ɗaya.

Ga kwabo mai huda a tsakiya.
Baba kan kara shi a ido, ya ce
ta nan aka zuƙe zinariyar Obuwasi.
Da irinsa aka sallami mahaifinsa
da ya dawo daga yaƙin Bama
da tari, da lambar tagulla, da kunne ɗaya.
Har ya koma ga Allah bai san
me ya haɗa masu faɗan faɗa ba.

Ga fam ɗin 'yancin kai, ninki huɗu.
Daren da aka sauke waccan tutar
Baba yana ɗan shekara goma sha biyu,
ya taka rawa a Kejetiya har takalmi ya tsinke.
Da aka ƙara wasu goma sha biyun
sai aka ba baƙi mako biyu su tattara.
Ɗantani tela, haifaffen layin nan,
ya sayar da kekensa kuɗin buhun gari.
Wannan sidi biyun nasa ne.
Ajiya ya bayar.
Bai dawo ba.

Ga 'yan hamsin-hamsin sababbi ƙal
da rediyo ta kashe da sassafe
kafin Iya ta sauke tukunyar koko.
Bayansu daji ya kama da wuta,
rogo ya yi tsadar nama,
waɗanda suka tafi Ikko neman arziki
suka dawo da jaka mai ratsi a ka.

Ran da aka ce wata katanga ta faɗi a Jamus
Baba ya rage murya, ya ce:
ku jira, ɓaraguzanta na tafe.
Sun kuwa iso.
Masaƙar da yake gadi ta rufe,
gwanjo ya cika kasuwa dila-dila,
muka sa rigunan mutanen da ba mu sani ba.
Ga kuma dubu goma
da ta kwanta attajira ta tashi sidi ɗaya.

Ni yanzu laima ce rumfata a bakin titi.
Kuɗi na wucewa ta yatsuna, ba nauyi, ba wari.
Ƙanena Sanda na wankin mota a Italiya,
ya danna can, wayar da aka ƙera a Sin
ta yi ƙara a nan, Iya ta sayi doya.
Baba bai taɓa yarda da abin ba.
Ya ce kuɗin da ba ya ƙara a aljihu
ranar da zai mutu ba za a ga gawarsa ba.

To, me Lantana za ta tarar
ƙarƙashin katifata?
Matacciyar waya,
da lamba huɗu da suka bi ni kabari.

Na mayar da komai, na ƙara tsohon layina,
na ɗaure da tsumman kamar yadda na gani.
Sai da na ƙirga na ga wuri takwas.
Na waiga, ga Lantana a bakin ƙofa,
tana ba mai ƙosai na taran,
tana jiran canji.