Maki Shida

Shekara ashirin ina goga zinariya a kan baƙin dutse
a lungun bayan Bab Makka,
ina gaya wa mata gaskiyar awarwaronsu.
Yau ga ni a hawa na uku, da farar safar hannu,
ina auna takarda.

Muhiddin, ɗan ƙanena, shi ya jawo ni.
Ya ce, Baffa, idon da ya gane jabu a gwal
ba zai ɓata a kan kati ba.
Na ce, da furfurata zan koma karta?
Ya ce ba karta ba ce,
hotunan yaran Japan ne da suka tsufa suka yi kuɗi.

Abu huɗu nake dubawa:
kusurwa, gefe, fuska,
da ko zanen ya zauna tsakiya ko ya jirkice.
Daga ɗaya zuwa goma.
Sai a rufe shi a gidan roba, a liƙe,
don damshin Jidda ba ya jin magana.

Ranar Talata Barira ta hau benen tana haki.
Daga Karantina take, mota biyu ta shiga.
Ta buɗe gwangwanin alawa, ta warware ƙyalle,
sai ga wani kifi mai gemu sanye da sulke,
bayansa na walƙiya kamar mai a kan ruwa,
ƙasansa rubutu tsaye-tsaye
da ni da ita ba mai iya karantawa.

Babanta Jibo direba ne, in ji ta,
yana tuƙa wani injiniya a matatar ruwan teku.
Ranar da za su koma ƙasarsu,
ɗan injiniyan ya miƙo mata ta tagar mota.
Shekararta bakwai. Ba ta riƙe sunansa ba.
Yanzu igama ta ƙare,
ta mutum uku.

Na jawo fitila, na sa gilashi a ido.
Tsakiya daidai. Launi bai koɗe ba.
Zuciyata ta fara cewa tara,
sai na iso kusurwar hagu ta ƙasa:
ɗan rami, ƙanƙane kamar ƙwayar riɗi,
da wani a bayansa.

Na ce, wannan haƙori ne.
Ta rufe baki da mayafi tana dariya.
Ta ce so ta yi ta ji ko azurfa ce,
kuma a makon nan haƙorin ya fita.

Na rubuta shida.
Alƙalamin ya yi mini nauyi, amma na rubuta.
Ban taɓa kiran tagulla gwal ba
don mai ita tana cikin matsi.

Bayan isha Muhiddin ya buɗe gwanjo.
Ba dillali mai ɗaga murya, ba mai cewa albarka,
lambobi ne kawai ke tsalle a allo.
Wani a Osaka ya taya, wani a Kuwait ya ɗora,
suka yi ta ja har agogo ya cinye su.
Riyal dubu huɗu da ɗari biyu.
Irinsa mai maki goma, a watan jiya,
dubu casa'in aka sallama.

Na san wancan mai goman, ni na auna shi.
Daga leda ya fito ya shiga roba.
Ba aljihun da ya kwana,
ba yaron da ya yi kuka a kansa,
ba wanda ya nuna wa rana don ya ga walƙiya.

Barira ta ƙirga kuɗinta sau biyu,
ta ce ya ishi mutum ɗaya da rabi.
Na ce wa Muhiddin ya bar la'ada.
Ya ɓata rai, ya bari.

Gobe kifin zai hau jirgi ya koma gida
da haƙorin Karantina a gefensa.
Gwangwanin ta tafi da abinta,
ta ce za ta zuba allurai.