Lissafin Mai Fito

Ni ba ɗan boko ba ne, fito nake yi a Barishal.
Iyakar lissafina kuɗin tsallaka kogi:
mutum taka biyar, mai kaya ya ƙara uku.
Bana aka sa ni a makarantar ƙidaya,
kuma ƙirjin 'yata ne allon.

Kwalbar lemo ce koriya, a bakin gaɓa na tsince ta.
Na ɗauraye, na zuba kananzir ɗin fitila,
na tura ƙarƙashin gado, ina ganin na yi dabara.
Kyauta na same ta.
Ban taɓa mallakar abu mai tsadarta ba.

Shimul shekara biyu da rabi.
Ƙishirwa ba ta iya karatu ba, balle ita.
Kurɓi uku, in ji uwarta, ko huɗu.
Kakarta ta ɗura mata ruwan gishiri don ta amayar,
da ƙauna ta yi, Allah shaida,
ashe ƙofar huhu ta buɗe wa guba.

Daga nan alƙalami ya fara tafiya.
Ɗari shida ga mai jirgin inji,
don dare ne, kuma ya ga idona.
Likita Nilufar ta ce gado kyauta ne.
Ba ta yi ƙarya ba. Gadon kaɗai.
Hoton ƙirji ɗari takwas, da safe aka ce a sake.
Allura sai a kantin tsallaken titi,
inda mai kanti ya riƙe sunana tun kwana na biyu
kamar yadda mahauci kan riƙe kamannin sa.
Iskar da ke yawo kan kogi ba mai awonta,
a nan tana cikin tulun ƙarfe,
ina jin hucinta, ina jin aljihuna yana sacewa.

Kwana na uku Shefali ta kai hannu kunne.
Ba ta ce komai ba, ni ma ban ce ba.
'Yan kunnen uwarta ne.
Kwana na biyar akuya ta tafi da cikinta,
mai saye ya biya kuɗin rai ɗaya.

Akwai kuma abin da ba a rubuta wa rasiɗi:
kwana tara kwalekwalena yana ɗaure yana shan rana,
fasinjojina sun koyi sunan wani.
Robiul bai zauna jarrabawa ba,
kuɗin rajistarsa ya shiga jijiyar ƙanwarsa
ɗigo
ɗigo.

A gadon da ke kusa, wani yaro ya sha maganin ƙwarin shinkafa.
Ubansa manomi, kullum yana juya hula a hannu.
Kwana na shida ya dangwala yatsa a takarda,
ya saɓa yaron a kafaɗa, magani bai ƙare ba.
Ban tambayi sunan ƙauyensu ba.
Ina tsoron wata rana in ji amsa.

Ni sai na je wurin Sattar Mia.
Ya ba ni shayi, ya tambayi jikin yarinya,
sannan ya tambayi shekarun katakon jirgi.

Dubu talatin da ɗaya da ɗari huɗu.
Na haddace shi kamar ranar haihuwa.
Gwangwani mai murfin da yaro ba ya iya buɗewa,
na taya a kasuwa daga baya: sittin.

Yau Shimul tana tsakar gida tana korar agwagi,
tana tari kaɗan in gari ya yi sanyi.
Wa zai ce an yi asara? Ba bakina ba.
Amma jirgin da nake tuƙawa da asuba,
ni na dasa kowace ƙusa a jikinsa,
kuma da magariba nakan kai wa mai shi rabin abin da na samu.

Kananzir yanzu yana rataye a rufin ɗaki,
can sama, inda ni kaina sai na taka turmi.